Sayen Gida A Bayan Birni: Haƙƙin Mai Ƙasa Da Haƙƙin Maƙwabci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa domin bayinSa, Ya hore musu gidaje su zama sutura da wurin natsuwa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

A wannan mako za mu tsaya ne a kan wata wasiƙa da wani malamin makaranta ya aiko mana daga Sakkwato. Ya ce iyali sun ƙaru, kuɗin haya ya yi masa nauyi, sai wani dillali ya nuna masa gida a wani ƙauye kan hanyar Wurno, kuɗinsa bai kai rabin na birni ba. Niyyarsa ya mai da iyali can, ya riƙa sammako zuwa aiki yana komawa da yamma. Amma ya ji ƙishin-ƙishin cewa gidan na gado ne, babban ɗan mamacin ne ke gaggawar sayarwa, kuma akwai 'yan'uwansa mata da ke aure a wasu garuruwa. Yana tambaya ko ya halatta ya saya, kuma idan ya koma can ko zai riƙa yin ƙasaru a hanyarsa.

Wannan tambaya ta shafi mutane da yawa. Tun da Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka kuma kafa jami'a a 1975, birnin yake ta cika yana batsewa, filaye suna tsada. Ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa sun mai da ido ga garuruwan gabas, watau ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo. Wasu kullum suke zuwa birni su koma, a motar haya ko a kan babur. Wasu kuwa su shigo ran Litinin, sai Juma'a su koma ga iyali. Saboda haka amsar za ta yi ɗan tsawo, domin kowa ya ɗauki abin da ya shafe shi.

Zama A Bayan Gari Ba Sabon Abu Ba Ne

Da farko, babu laifi ko kaɗan ga Musulmi ya zauna a ƙauye yana neman abincinsa a birni. Manyan sahabbai sun yi haka. Sayyidina Abubakar, Allah Ya yarda da shi, yana da gida a Sunhu, a gefen Madina, daga can ne ma ya hawo dokinsa ranar da Annabi mai tsira da aminci ya yi wafati. Sayyidina Umar kuwa, kamar yadda Buhari ya ruwaito, ya zauna a unguwannin tudu na Madina tare da wani maƙwabcinsa daga mutanen Ansaru. Da yake wurin da nisa, sai suka raba kwanaki: yau wannan ya gangara zuwa majalisin Annabi ya komo da abin da ya ji na wahayi da sauran labari, gobe wancan ya tafi. Ku dubi yadda nisan gida bai hana su ilmi ba, domin maƙwabtaka ta gari ta rage musu tafiyar. Haka kuma mutanen Banu Salima sun so su taso daga unguwarsu su dawo kusa da masallaci, sai Annabi ya umurce su da su zauna inda suke, ya sanar da su cewa ana rubuta musu ladan takunsu. Muslim ne ya ruwaito wannan.

A ƙasarmu ma muna da abin koyi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina Sakkwato a 1809, ya kuma gaji mahaifinsa Shehu Usmanu a 1817, bai ƙare rayuwarsa a cikin birnin ba. A shekaru goma na ƙarshen zamaninsa ya kafa Wurno a gefen Gulbin Rima ta zama ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, ya zaunar da jama'a, ya ƙarfafa musu noma da sana'a da karatu. Can ya rasu a 1837, can kuma hubbarensa yake. Ɗansa Sarkin Musulmi Aliyu Babba shi ma Wurno ce mazauninsa, kuma a zamaninsa ne Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zauna a garin a 1853. Rabah kuwa ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, jikan jikokin wannan gida, nan kuma ya fara riƙon jama'a da aka naɗa shi uban ƙasa a 1934. To, wanda zai sayi gida a waɗannan wurare ya sani cewa garuruwa ne masu asali, kowace gona da kowane kango akwai mai shi, akwai kuma tarihinsa. Wannan shi ya kai mu ga hukuncin ciniki.

Wa Ke Da Ikon Sayarwa?

Sharaɗi na farko shi ne mai sayarwa ya kasance shi ne mai abin, ko wakilin mai shi. Lokacin da Annabi mai tsira da aminci ya isa Madina, filin da aka zaɓa domin gina masallacinsa na wasu marayu ne guda biyu, Sahlu da Suhailu. Sun so su ba shi kyauta, ya ƙi karɓa sai da aka yi ciniki aka biya su. Idan masallacin Annabi bai tsaya a kan filin maraya ba sai da biya, ina ga ɗakin kwanan ɗayanmu?

Idan mutum ya rasu, ana fara fitar da kuɗin jana'izarsa, sa'an nan bashin da ake binsa, sa'an nan wasiyyarsa wadda ba ta wuce sulusi ba, abin da ya rage shi ne na magada. Kafin a raba, kowane magaji yana da rabonsa a cikin kowane taku na gidan, mace da namiji, babba da yaro, wanda ke nan da wanda ke nesa. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabonsu kamar yadda ta tabbatar wa maza, ko dukiyar ta yi yawa ko ta yi kaɗan, aya ta 10 kuma ta kwatanta cin dukiyar marayu da cusa wuta a ciki. Girman shekaru ba ya ba wa babban ɗa ikon sayar da rabon ƙannensa. A mazhabar Imamu Malik, cinikin wanda ya sayar da abin da ba nasa ba yana rataye ne ga yardar mai abin: in ya yarda ya zartu, in ya ƙi ya warware. Rabon maraya kuwa ba mai sayar da shi sai wasiyyi ko alƙali, shi ma sai da dalili na buƙatar yaron ko amfaninsa.

Al'adar nan da ta yaɗu ta cewa mace tana gidan miji, ba ruwanta da gidan uba, sai a ba ta ɗan abin goro bayan an gama ciniki, zalunci ne tsantsa. Sau da yawa kunya ce ke rufe bakin mace a gaban wanta, kuma abin da aka karɓa ta hanyar kunya ba a karɓe shi da daɗin rai ba. Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗin Annabi cewa wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa shi a wuya ran ƙiyama har ƙasa bakwai. Mai saye da ya san halin da ake ciki ya rufe ido, ya shiga cikin laifin.

Akwai kuma haƙƙin shufu'a. Idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gida ko gona da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, sauran abokan tarayya suna da ikon su biya kuɗin da aka saya su karɓe. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa wanda yake nan ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa ko da ya daɗe. Mu lura da wannan ƙwarai, domin mutanen wannan yanki matafiya ne, da yawa suna cin rani a Legas ko Ibadan ko wasu ƙasashe. Kana iya yin gini, ka shafe, ka tare, bayan shekaru wani ya sauko daga mota da hujjarsa a hannu. A mazhabarmu shufu'a ta abokin tarayya ce, maƙwabci ba shi da ita a hukunce, ko da yake malaman Hanafiyya sun ba shi. Duk da haka, ladabi ne mai kyau a fara yi wa maƙwabci tayi kafin a kira bare.

Wasu suna dogara ga hauzi, watau daɗewar abu a hannun mutum. Gaskiya ne alƙalanmu suna aiki da ƙa'idar cewa idan bare ya riƙe fili shekara 10 yana gini yana rushewa, mai da'awa yana gani bai yi magana ba alhali ba abin da ya hana shi, ba za a saurari ƙararsa ba, tsakanin dangi kuwa ana kai wa shekara 40. Amma wannan hukuncin zahiri ne domin a kashe husuma. Annabi da kansa ya gargaɗi sahabbai cewa wanda ya fi iya baki har aka yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa, yankin wuta aka yanka masa. Takardar kotu ba ta halatta haram a wurin Allah.

Araha Ba Ta Ado

Sharaɗi na biyu shi ne bayyana aibi. Ƙasashen Wurno da Goronyo ƙasashen fadama ne, albarkarsu daga ruwa take: shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984 aka kuma buɗe ta a 1992, tana iya riƙe ruwa mai yawan mita miliyan 942 na ma'aunin ruwa, da ita ake noman rani, daga gare ta kuma birnin Sakkwato ke samun ruwan sha. Amma ruwa ba ya manta hanyarsa. Manya ba su manta da ambaliyar watan Satumba na 2010 ba, wadda ta cinye ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, ta kuma yanke hanyar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda ya kai baƙo cikin rani ya nuna masa fili busasshe, alhali ya san cewa a watan Agusta sai da kwalekwale ake ratsa wurin, ya yi algus, kuma Annabi ya barranta daga mai algus a ranar da ya cusa hannunsa cikin tsibin hatsi a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa. Shari'a ta ba mai saye zaɓi ya mayar da abin idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. Idan kuwa an gaya masa ya yarda, shi ke nan, kowa ya sayi rariya ya san ta zubar da ruwa. Dillali shi ma amana ce a wuyansa. La'adarsa halal ce idan ya faɗi gaskiya, amma idan ya ɓoye aibi, ko ya kawo ɗan ƙarin farashi na ƙarya domin ya zuga mai saye, ya gurɓata abincin 'ya'yansa.

Haka nan akwai wuraren da ba na kowa ba ne balle a sayar: burtali da mashaya da makiyaya, maƙabarta, filin Idi, da hanyar da jama'a ke bi. Kowa ya san irin fitinar da toshe burtali ya jawo tsakanin manoma da makiyaya a ƙasar nan. Kada wani ya ce ai mai unguwa ne ya sa hannu, domin mai unguwa ba ya mallakar abin da yake na jama'a.

Wata araha kuma ta fi wannan ciwo. Tun daga harin da aka kai ƙauyen Tabanni a ƙasar Rabah a watan Yuli na 2018, wanda ya tara 'yan gudun hijira a Gandi, zuwa harin kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 inda aka kashe mutum fiye da 40, gabashin Sakkwato ya sha wuya a hannun 'yan bindiga. Mutane da yawa sun bar gidajensu, wasu kuma sun sayar da gona ko gida domin su fanshi ɗa ko mata daga daji. Malaman Malikiyya sun yi dogon bayani a kan cinikin wanda azzalumi ya matsa wa ya kawo kuɗi. Mashahurin zance shi ne cinikin bai lizimce shi ba, yana da ikon karɓar abinsa. Wasu malamai kuma suka zartar da shi, domin kada a rasa mai saye a bar bawan Allah a hannun azzalumai. Amma babu malamin da ya yaba wa wanda ya ga ɗan'uwansa cikin wuta ya tsaya yana taya gidansa da kuɗin akuya. In kana da hali, ka ranta masa rance mai kyau. In saye za ka yi, ka biya abin da gidan ya kai a lokacin zaman lafiya gwargwadon ikonka. In kuma Allah Ya warware masa ya dawo da kuɗinka yana neman gidan ubansa, ka mayar masa, domin an ruwaito cewa wanda ya yarda ya warware ciniki ga Musulmin da ya yi nadama, Allah zai yafe masa tuntuɓensa.

Rubutu Da Shaidu Da Tsarkin Kuɗi

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka a rubuta ciniki, a ambaci iyakoki huɗu da sunayen maƙwabta, a kira su su tsaya a kan iyaka, magada duka su sa hannu, mai unguwa da hakimi su shaida. Dokar ƙasa ta 1978 ta sanya filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a wuraren da ba birni ba, ta kuma shar'anta amincewar hukuma kafin a canja hannu. Bin wannan tsari bai saɓa wa addini ba, kariya ce ga 'ya'yanka a bayanka. Wanda ya ce tsakaninmu ai ba sai an rubuta ba, ya manta cewa shi da abokin cinikinsa duka masu mutuwa ne, magadansu kuwa ba su san juna ba.

Kuɗin sayen ma a tsarkake shi. Bashin da ake biya da ruwa riba ne, kowane suna aka ba shi. Akwai adashi, akwai biya kashi-kashi a kan farashin da aka yanke tun farko, akwai kuma bankunan da ba sa aiki da ruwa, waɗanda suka fara a ƙasar nan da bankin Jaiz a 2012. A kula kuma da jinginar da aka saba a ƙauyuka, inda mai ba da rance zai riƙe gonar talaka yana noma ta shekara da shekaru, sa'an nan a biya shi kuɗinsa cif. Rancen da ya jawo wa mai shi amfani, malamanmu sun lissafa shi cikin riba.

Bayan An Tare

Sayen gida da kuɗi rabin aiki ne, sauran rabin da hali ake biyansa. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta haɗa kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa a jeri ɗaya da kyautata wa iyaye da marayu, kuma Annabi ya ba da labarin cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Abin baƙin ciki, wasu 'yan birni idan sun koma ƙauye sai su ja doguwar katanga, su fita kafin gari ya waye, su dawo bayan isha'i. Ba a ganinsu a masallaci, ba a ganinsu a jana'iza ko suna, ba su san sunan limami ba, 'ya'yansu ba sa wasa da 'ya'yan gari. Sun haƙa rijiyar burtsatse a cikin gida, matan unguwa suna wucewa ta ƙofarsu da tulu a ka zuwa rafi. Wannan masauki ya saya, bai zama ɗan gari ba, kuma ranar da tsoro ya zo ba wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ku tuna da ma'anar ribaɗi wadda aka kafa Wurno a kanta: jama'a su zauna wuri ɗaya, su tsare juna, su yi salla tare, su karantar da yaransu. Ma'aikacin da Allah Ya ba ilmin zamani yana da abin bayarwa mai yawa. Malamin makaranta ya duba karatun yaran unguwa ran Asabar. Ma'aikacin asibiti ya ba da shawara kafin ciwo ya yi nisa. Mai mota ya ɗauki tsoho ko mara lafiya in zai shiga birni. Wanda ya san ofis ya rubuta wa jama'a takardar koke. Kamar yadda Sayyidina Umar yake komo wa maƙwabcinsa da abin da ya samo a Madina, kai ma kada ka komo daga birni hannu rabbana.

Iyali ma suna da haƙƙi. Kafin ka ɗauke su, ka duba makaranta da asibiti da ruwan sha, ka tambayi mutanen gari halin tsaron hanyar, ka kuma shawarci uwargida, domin ita za ta wuni a can. Ka lissafa kuɗin mota, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kada abin da ka tsira da shi daga mai gidan haya ya ƙare a tasha. Jefa iyali cikin hatsarin da kake gani da idonka domin araha ba tawakkali ba ne, Annabi ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna.

Game da salla kuwa, tafiyar ƙasaru a mazhabarmu buridi huɗu ce, watau mil 48, wajen kilomita 80, a tafiya kawai ban da dawowa. Tsakanin Sakkwato da Wurno ko Rabah bai kai haka ba. Saboda haka mai wannan zirga-zirga zai cika sallarsa, ba zai kuma ajiye azumi saboda ita ba. Ya tsara fitarsa yadda asuba ba za ta kuɓuce masa ba, magariba kuma kada ta riske shi a inda ba zai iya tsayawa ba. Juma'a tana wajaba a kan wanda ke zaune cikin mil uku daga masallacinta, in kuma ta same shi a wurin aiki a birni, sai ya yi ta a can.

Amsarmu ga mai wasiƙa ita ce: kada ka ba da ko kwabo sai an raba gadon a gaban alƙali ko malamin da ya san ilmin gado, ko kuwa magada duka, har matan da ke gidajen aurensu, sun faɗi yardarsu da bakinsu a gaban shaidu adalai. In babban ɗan ya ce ba zai iya jira ba, ka bar masa gidansa, wanda ya bar abu domin Allah ba ya taɓewa. In kuwa komai ya daidaita, ka je ka kwana biyu a garin cikin damina, ka yi salla a masallacinsu, ka gaida mai unguwa da limami, ka san waɗanda za su zama maƙwabtanka, ka yi istihara, sa'an nan ka saya da sunan Allah.

Allah Ya ba mu gidaje na halal masu yalwa da maƙwabta na gari. Allah Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu cikin aminci, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo zaman lafiya a Wurno da Rabah da Goronyo da sauran ƙasarmu baki ɗaya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.